Ƙiba tana dawo mini shekara shida bayan tiyatar rage tumbi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 41, ina da shagon atamfa da leshi a Agege. Shekara shida da suka wuce aka yi mini tiyatar rage ƙiba a Indiya, irin wadda ake ware ɗan ƙaramin tumbi a haɗa shi da hanji, wadda likitoci ke kira baifas. A lokacin kilo 128 nake, ga ciwon suga. Fili maigidana ya sayar a garinmu ya biya kuɗin. Cikin shekara ɗaya da rabi na sauko 84, har aka tsayar mini da maganin suga. To Anti, shekara biyu ke nan ƙiba tana dawowa, jiya na hau sikeli na ga 99. Wallahi ba na cin abinci da yawa, ko rabin malmalar tuwo ba na gamawa. Sai dai shayi da biskit da cincin a shago. Da la'asar kuma jikina yakan ɗauki rawa, gumi ya keto mini, sai na sha lemon kwalba nake dawowa daidai. Na daina shan bitamin tun bara saboda tsada. Gwiwata tana ciwo, ina shan diklofenak, kuma ina yin allurar tazarar haihuwa ta wata uku. Kwanan nan a wajen biki ƙanwar mijina ta ce ashe asarar fili aka yi. Shi maigida bai ce uffan ba. Kunya ta hana ni zuwa asibiti. Ƙawata ta ce in sayi allurar rage ƙiba a Instagram, ko in koma a sake aikin. Shin aikin ne ya lalace, ko ni ce na lalata shi?

'Yar'uwarku daga Agege

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da wannan damuwa. Na ji daɗi da kika faɗi komai ba ɓoye-ɓoye, har shayi da biskit, domin a cikin waɗannan ƙananan bayanan ne mafi yawan amsar take. Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi ci miki rai, bari in fara da ita. A abin da kika rubuta ban ga alamar aikin ya tashi a banza ba. Yi lissafin da kanki: kin shiga da kilo 128, yau kina 99. Kilo 29 ke nan har yanzu ba sa jikinki, kusan kashi 23 cikin ɗari na nauyinki na farko. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Suwidin, aka wallafa a 2007, ya nuna masu irin aikinki sukan zubar da wajen kashi 32 cikin ɗari a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, amma bayan shekara goma abin yakan tsaya a wajen kashi 25. Dawowar wani kaso na ƙibar abu ne da likitoci suka sani tun kafin a shiga da ke ɗakin tiyata. Ba cewa nake ki miƙe ƙafa ba. Kilo 15 ɗin da suka dawo ba wasa ba ne ga wadda ta taɓa ciwon suga, kuma tunda allurar sikeli ba ta tsaya ba, yanzu ne ya kamata a tari abin. Amma ki tare shi a matsayin mai jinya da ta koma wajen likitanta, ba mai laifi da aka kama ba.

Kafin maganar ƙiba, akwai abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Ki ajiye diklofenak ɗin nan daga yau. Shi da ibufurofen da Felvin, da haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a kemis, duk suna iya jawo gyambo a daidai wurin da aka ɗinke tumbi da hanji, gyambon kuma yakan yi jini ko ya huje. Wannan doka ta har abada ce ga mai baifas. Farasitamol ya fi miki aminci kafin likita ya duba gwiwar. Idan kika ga bayan gida baƙi ƙirin, ko amai da jini, ko ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi lafawa, ko amai da ya kwana biyu bai tsaya ba, to ki wuce asibiti a ranar, ki gaya musu irin aikin da aka yi miki tun daga bakin ƙofa.

Na yarda da ke cewa ba kya cin abinci da yawa a zama ɗaya. Sai dai ki fahimci yadda aikin yake, za ki ga inda ƙibar take shigowa. Tumbin da aka bar miki a ranar tiyata bai wuce mililita 30 ba, wato babban cokali biyu, kuma an yi masa 'yar ƙofa zuwa cikin hanji. Ki ɗauke shi kamar mazurari. Abu mai ƙarfi irin nama da kifi da ganye yakan tsaya a ciki, ki ji ƙoshi na tsawon lokaci. Abu mai ruwa-ruwa, ko wanda yake narkewa a baki, zurarewa yake yi nan take. Shayi mai madarar gwangwani da suga, biskit, cincin, fanke, soyayyar ayaba ta leda, kunu, fura, duk ta nan suke bi ba tare da kin ji komai ba. Shi ya sa mutum zai kasa gama rabin malmala, amma daga safe zuwa magariba ya sha ya tauna abin da ya fi malmala uku ƙarfi. Tiyata tana hana cika ciki a zama ɗaya, ba ta hana ciye-ciye. Ƙari a kan haka, bayan shekara biyu yunwar da ta kwanta takan farfaɗo, tumbin ya ɗan saki, jikin da ya ragu kuma ba ya ƙona abinci kamar lokacin da yake ɗauke da kilo 128. Waɗannan ukun ba halinki ba ne, halittar jiki ce.

Rawar jikin nan ta la'asar ina so ki ɗauke ta da muhimmanci, domin ina kyautata zaton ita ce ke juya miki rana. Ga mai baifas, suga da fulawa suna faɗawa cikin hanji kai tsaye, su shiga jini da gudu. Sai jiki ya saki insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, fiye da kima don ya sauke shi, bayan awa ɗaya zuwa uku kuma sugan jini ya faɗi ƙasa warwas. A nan ne rawa da gumi da bugun zuciya da wata irin yunwa mai gigita mutum suke zuwa. Kina shan lemo ki ji sauƙi, gaskiya ne, amma kwalba mai santilita 50 tana iya ɗauke da fiye da ƙaramin cokali goma na suga, don haka ita ce za ta sake haifar da wata faɗuwar anjima. Ki nemi na'urar gwajin suga ta yatsa, wataƙila ma taki ta da tana nan, ki gwada a daidai lokacin da rawar ta zo, ki rubuta lamba da lokaci da abin da kika ci kafin nan. A ma'aunin mg/dL, ƙasa da 70 ya yi ƙasa. Ƙasa da 54 kuwa abin a kai wa likita ne ba tare da jinkiri ba. Idan ta kama ki, ki sha ƙaramin cokali uku na suga a ruwa, ko rabin kofi na lemon, ba kwalba guda ba. Ki jira minti 15 ki sake gwadawa, sannan ki bi da dafaffen ƙwai ko 'yar gyaɗa. Kada ki tuƙa mota ko ki tsallaka titi a wannan hali. Maganinta na gaskiya shi ne a cire abin da ke tayar da ita tun da rana, idan kuma ta ƙi ji duk da gyaran abinci, akwai ƙwayar da likita zai iya rubutawa mai rage saurin shigar suga cikin jini.

Gyara na farko, wanda ba ya cin ko sisi: ki raba ci da sha. Kada ki sha komai kina cin abinci, kuma ki jira minti 30 bayan kin gama. Ruwa a kan abinci wanke tumbin yake yi, sai yunwa ta dawo kafin awa guda. Tsakanin abinci kuma ki riƙa kurɓar ruwa, lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, domin zafin Legas yana sa a ɗauki ƙishi a matsayin yunwa. Shayi ba sai kin rabu da shi ba. Ki mayar da shi kofi ɗaya ko biyu, na citta da kanumfari, babu suga, babu madarar gwangwani mai zaƙi. Zoɓo ma haka, wanda kika haɗa da hannunki. Kwalin biskit da robar cincin kuma su bar shagon gaba ɗaya, don abin da ke kusa da hannu a ranar da kasuwa ta yi sanyi ba a iya masa da ƙarfin zuciya kaɗai.

Na biyu, ki koma ga tsarin da aka koya miki bayan tiyata: abinci sau uku a zaune, a ƙaramin faranti, a ci cikin minti 20 zuwa 30, a fara da mai gina jiki, a bi da ganye, sannan tuwo ko shinkafa su zo a ƙarshe in akwai sauran wuri. Kina bukatar furotin, wato sinadarin mai gina jiki, aƙalla giram 60 a rana, 80 ya fi. Ƙwai ɗaya yana ba da wajen giram 6. Kifi mai girman tafin hannunki, titus ko fanla, wajen giram 20. Kaza ko jan nama marar kitse mai wannan girma ya ɗan ɗara haka. Rabin kofi na dafaffen wake wajen 7, kofin kindirmo marar suga wajen 8. To kin ga da ƙwai biyu da safe tare da alayyahu, da kifi da miyar kuɓewa ko efo da rana da tuwo loma uku ko huɗu, da kaza ko alale da kwaɗon zogale da dare, kin kusa cika lissafi. Idan tazarar ta yi miki yawa, ki tsara ƙaramin abu ɗaya da la'asar, kafin lokacin da rawar ta saba zuwa: awara, ko kindirmo, ko ɗan kilishi, ko gyaɗa cikin tafi ɗaya. Ki lura da mai, manja ne ko na gyaɗa, babban cokali ɗaya yana da kalori kusan 120, miyar gidan biki kuwa kin san yadda take iyo. Ranar da za ki shiga Eko sarin kaya, ki fita da guzurinki a jaka, don idan gosulo ya riƙe ki awa biyu, duk abin da masu talla za su miƙo ta taga irin mai zurarewar nan ne.

Kafin ki canja komai ma, ki ɗauki mako guda kina rubuta duk abin da ya shiga bakinki, da lokaci, da halin da kike ciki, ko yunwa ce, ko gajiya, ko ɓacin rai. Ba don ki tuhumi kanki ba. Wannan takarda ita likita da masanin abinci za su fi amfana da ita. Idan kika ga mafi yawan ciye-ciyen suna zuwa ne lokacin damuwa, ko kina tashi cikin dare ki ci, ko kin daɗe ba kya jin daɗin komai, ki faɗa wa likita wannan ma. Ciwon damuwa yana da magani, kuma yana cikin abubuwan da ke dawo da ƙiba.

Bitamin da kika bari, na san tsadar rayuwa gaskiya ce, amma nan ba wurin tsimi ba ne. Aikinki ya tsallake sashen farko na hanji, inda jiki ya fi tsotsar ayon, wato sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, kuma ƙaramin tumbi ba ya iya sarrafa bitamin B12 yadda ya kamata. Ƙarancinsu a hankali yake shiga: gajiya, haki, zubar gashi, jin ƙafa tana dindiris, ƙashi ya yi rauni. Mai gajiya kuma ba ta motsi, zaƙi take nema. Abin da aka saba ba mai baifas har ƙarshen rayuwa shi ne haɗaɗɗen bitamin kullum, da kalsiyam nau'in sitiret miligiram 1200 zuwa 1500 a rarrabe, da bitamin D, da B12 ta ƙwaya ko ta allura duk wata uku, da ayon miligiram 45 zuwa 60 ga mace mai al'ada. A bar tazarar awa biyu tsakanin ayon da kalsiyam, don ɗaya yana tare ɗaya, kuma kada a sha ayon da shayi. Ba sai mai tsadar da aka rubuta miki a Indiya ba. Ki ce wa likita ya haɗa miki daga abin da ake samu a nan, daidai aljihunki. Kuɗin lemo da biskit na wata zai ɗauki wani kaso.

Duk wannan ba zai maye gurbin asibiti ba, kuma ba sai kin koma Indiya ba. Daga Agege, asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja yana kusa da ke, ga kuma LUTH a Idi-Araba. Ki nemi ganin likitan tiyatar ciki da likitan ciwon suga da masanin abinci. Ki tafi da takardun aikinki, in sun ɓata ki rubuta wa asibitin da ya yi su turo miki rahoton tiyatar, da duk magungunan da kike sha a cikin kwalayensu. A gwada yawan jini, da ma'ajiyar ayon, da B12, da folet, da bitamin D, da kalsiyam, da HbA1c wanda ke nuna matsakaicin suga na wata uku, da aikin hanta da ƙoda, da tayirod, wato ƙullutun wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci. Idan kina jin kina iya cin fiye da da sosai ba ƙoshi, ko ƙwannafi ya dawo, za a zura kyamara ta maƙogwaro ko a ba ki wani farin ruwa ki sha a ɗauki hoto. Ana neman abu uku: ko tumbin ya faɗaɗa, ko ƙofar ta buɗe da yawa, ko wata hanya ta ɓulle tsakanin ƙaramin tumbi da tsohon da aka rufe. Wannan na ƙarshe ba a cika samunsa ba, amma in shi ne, babu ƙoƙarin da zai gyara shi sai aiki. Ki ambaci allurar wata ukun ma, don an san tana ƙara wa wasu mata nauyi. Kada ki bar ta da kanki, kada kuma ki koma ƙwaya ba shawara, domin bayan baifas ba a cika dogara da ƙwayar sha ba. Robar mahaifa ko ashanar hannu su ne abin da za ki tattauna da su.

Ƙawarki alheri take nufi, kuma rabin maganarta daidai ne. Allurai irin Ozempic da Wegovy da Mounjaro na mako-mako, da Saxenda ta kullum, suna rage yunwa, kuma likitoci suna ba waɗanda ƙiba ta dawo musu bayan tiyata. Inda ban yarda ba shi ne Instagram. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun Ozempic da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka. Ko ta gaskiya ce, a sanyi ake ajiye ta, ke kuma ba ki san kwana nawa ta yi a zafi kafin ta iso hannunki ba. Ana fara ta da ƙaramin ma'auni a riƙa ƙarawa wata-wata, tana sa tashin zuciya, ba a yi wa mai ciki, kuma akwai masu wasu cututtuka da ba ta dace da su ba. Tana da tsada, in an bari kuma nauyi yakan dawo, don haka a yi lissafin aljihu tun farko. Idan likita ya ga ta dace, a saya a kantin magani mai rajista, da lambar NAFDAC. Shayin rage tumbi kuwa ki manta da shi. Yawancinsu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa da gishirin jiki suke kwashewa, ke kuma ba ki da rarar su.

Sake tiyata ita ce ta ƙarshe a layi. Idan ƙofar ce ta buɗe, akwai hanyar tsuke ta da ɗinki ta cikin maƙogwaro ba tare da an buɗe ciki ba, ko da yake ba kowace cibiya ke yi ba. Aiki na biyu a cikin da aka taɓa yanka ya fi na farko haɗari, wanda ake ƙara tsawon hanjin da aka tsallake kuma yana iya jefa mutum cikin tamowa. Ba za a yi wannan magana da wadda ta shekara ba bitamin ba, kuma shayi da biskit za su zurare ta sabon aiki kamar yadda suke zurarewa ta tsohon.

Motsa jiki, ki fara daga inda gwiwa ta yarda. Tafiya minti goma bayan asuba da goma da yamma, a ƙara a hankali har minti 30 sau biyar a mako. Sau biyu a mako ki yi na ƙarfafa tsoka, don tsokar da ta zube tare da ƙiba ita ce mai ƙona abinci: tashi da zama a kujera sau goma, ɗaga robar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu, a maimaita sau uku. Ana iya yi a cikin shago. Barci kuma ki nemi awa bakwai.

Maganar ƙanwar mijinki ta yi zafi, kuma ba daidai ba ce. Ita jiki take kallo. Ba ta lissafa shekarun da kika yi ba maganin suga ba, alhali su filin ya saya. Ba na so ki tanka mata, ba kuma na so ki ƙaurace wa dangi. Shirun maigida ne ya fi bukatar kulawarki. Kin fassara shi da cewa ya yarda da ita, amma mutumin da ya sayar da fili don lafiyarki yana iya yin shiru saboda tsoro, ko don bai san abin da zai ce ba tare da ya ƙara miki ciwo ba. Shi ma yana da haƙƙin ya san halin da ake ciki. Ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance ki ce, "Alhaji, nauyin nan yana damuna, kuma maganar ranar biki ta tsaya mini a rai. Ina so ka raka ni asibiti mu ji daga bakin likita." Ki roƙe shi abubuwa takamaimai: kuɗin gwaji da bitamin su shiga cefanen wata, tsarabar dare ta koma tsire ko gasasshen kifi maimakon lemo da burodi, kuma shi ya ja kunnen ƙanwarsa a tsakaninsu.

Kada ki sa wa kanki burin komawa kilo 84. Ki nufi kilo 5 zuwa 10 cikin wata shida, ƙasa da rabin kilo a mako, wannan kaɗai zai taimaki suga da gwiwa. Sikeli sau ɗaya a mako, da safe, rana guda. Idan azumi ya matso, ki yi shawara da likita tun kafin a ga wata, musamman in rawar nan ba ta bari ba, kin san shari'a ta yi wa marar lafiya sauƙi. In ya ba ki dama, ki buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya, ki yi salla, sannan ki ci mai gina jiki a hankali. Kunu da zoɓo mai suga a kan cikin da ya yini ba komai su ne suka fi saurin kayar da mai baifas. Ki rubuto mini abin da gwajin ya nuna. Allah ya ƙara lafiya.